Log, HDR da Rec.709: dalilin da ya sa kalar fim ke sauyawa daga kyamara zuwa wayar mai kallo

Ƙorafi uku ne suka fi yawa a ɗakunan haɗa hoto a 'yan shekarun nan. Na farko, an yi hayar kyamara mai tsada, an dawo daga lokeshin, an zuba aiki a kwamfuta, sai hoto ya fito dishi-dishi kamar an ɗauke shi cikin hazon hunturu. Na biyu, an sa wani guntun bidiyo da aka ɗauka da iPhone a tsakiyar fim, sai ya fito da haske mai kashe ido, fuskoki sun ƙone. Na uku, edita ya gama gyaran kala, furodusa ya gani ya yaba, amma da aka ɗora a YouTube sai kalar ta koɗe. Tun daga watan Afrilun 2025, da kamfanin Adobe ya fitar da manhajar haɗa bidiyo ta Premiere Pro 25.2 da sabon tsarin sarrafa kala, sai na huɗu ya ƙaru: LUT, wato jadawalin juya kalar hoto, wanda edita ya daɗe yana amfani da shi lafiya lau yanzu yana mayar da fuska ja jawur.

Duka huɗun tushensu ɗaya. Wata manhaja ko wani allo ya karanta lambobin da ke cikin fayil da ƙa'idar da ba da ita aka rubuta su ba.

## Abin da ke cikin fayil lambobi ne

Kowane ɗigon hoto lambobi yake ɗauke da su, masu nuna yawan ja, kore da shuɗi. Lambar kanta ba ta faɗi irin hasken da za a nuna ba. Sai an san abu biyu: lanƙwasar haske, wato yadda lamba ke komawa haske a allo, da kuma faɗin kala, wato wane irin ja ne ake nufi idan lambar ja ta kai ƙarshe. Fayil yakan zo da ɗan lakabi a cikinsa da ke bayyana waɗannan biyun. Wani lokaci lakabin babu, wani lokaci yana nan amma manhaja ta yi biris da shi.

Rec.709 ita ce ƙa'idar talabijin mai tsabtar hoto da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta amince da ita a 1990. A ɗakin gyaran kala ana saita farinta a nit 100, nit kuwa ma'aunin hasken allo ne. Lanƙwasar allonta, gamma 2.4, sai a 2011 aka rubuta ta a hukumance da sunan BT.1886. Wannan tazara ta shekara 21 ta bar ƙofar da kowane kamfani ya bi ya yi tasa fassarar, kuma har yau ana fama da sakamakonta. Idan an ce SDR, wannan duniyar ake nufi, kuma a cikinta mafi yawan abin da ake kallo a gidajen talabijin da YouTube yake.

Log ba don kallo aka yi shi ba. Ma'ajiya ce. Kyamarorin zamani suna ganin mataki 12 zuwa 15 na haske, kowane mataki ninki biyu na wanda ke ƙasa da shi, alhali Rec.709 kai tsaye kusan rabin haka take ɗauka. Sai kyamara ta matse wannan faɗin duka cikin fayil, ta ɗaga duhu ta sauke haske. Shi ya sa hoton ke fitowa toka-toka. Kowane kamfani da nasa: Sony na da S-Log2 da S-Log3, Canon na da C-Log, Panasonic V-Log, ARRI LogC, DJI D-Log, Apple kuma Apple Log. Ba a musanya su. A S-Log3 katin toka mai mayar da kashi 18 cikin 100 na haske yana zama a 41 a ma'aunin haske mai tashi daga 0 zuwa 100, farar takarda a 61. A S-Log2 katin tokar a 32 yake. A V-Log a 42. Wanda ya ga farar riga ta tsaya a 61 ya ɗauka hasken bai isa ba, ya yi kuskuren karatu.

HDR kuwa don kallo aka yi shi, amma a allon da ke iya ba da haske fiye da na da. Ƙa'idarsa, Rec.2100, ta fito a 2016 da lanƙwasa biyu: PQ da Dolby ta ƙirƙiro, mai iya bayyana haske har nit 10,000, da HLG da BBC ta Ingila da NHK ta Japan suka haɗa don watsa shirye-shirye. A HDR farar takarda tana zama wajen nit 203, abin da ke sama da haka an bar shi don ƙyallin rana, fitila da walƙiyar gwal.

Mutane da yawa suna haɗa Log da HDR wuri guda saboda dukansu suna fitowa ba daidai ba a taimlayin ɗin Rec.709, wato layin da ake jera hotuna a manhajar haɗa fim. Bambancin ya kamata ya zauna: daga Log ana iya fitar da SDR ko HDR, amma shi kansa ba ko ɗaya ba ne.

## Yadda aka zo nan

Zamanin da Canon 5D Mark II ta 2008 ta buɗe, kyamara ce ke dafa kalar da kanta. Abin da aka gani a bayan kyamara shi za a gani a kwamfuta, edita ya yanka ya jera ya fitar. Log ya shigo ƙananan kyamarori da irin su Sony A7S ta 2014, amma ya zama ruwan dare ne bayan A7S III ta 2020 da FX3 ta 2021, waɗanda ke ɗaukar bit 10, wato matakan kala masu yawa, a cikin katinsu. A shekarar 2020 ɗin dai iPhone 12 ta fara ɗaukar bidiyon Dolby Vision, wani nau'in HDR, bisa HLG, kuma a kunne yake zuwa ba tare da mai wayar ya zaɓa ba. Da Premiere 22 ta fito a ƙarshen 2021 ta fara girmama lakabin irin waɗannan fayiloli, sai editoci suka wayi gari bidiyon waya yana ƙonewa a aikinsu. A 2023 iPhone 15 Pro ta zo da Apple Log.

Sakamakon shi ne, shiri mai dogon zango na Kannywood ko bidiyon biki guda ɗaya yana iya haɗa S-Log3 daga babbar kyamara, D-Log daga jirgi marar matuƙi, HLG daga waya, da tambarin mai talla da aka zana a Photoshop. Harsuna huɗu ke nan a faifai guda.

## Farar shadda da baƙar fata

A nan ne amfanin Log ya fi fitowa, a nan ne kuma ya fi yin ɓarna idan aka yi sake.

A ɗauki ango da babbar riga ta farar shadda, tsaye a ƙofar gida da azahar, hula ta yi wa goshinsa inuwa. Tsakanin ƙyallin shaddar da inuwar da ke ƙarƙashin idonsa akwai tazarar haske mai yawa. Idan aka ɗauka a Rec.709 kai tsaye, sai an zaɓi ɗaya: ko a ga fuska aikin zaren da ke wuyan rigar ya ɓace cikin fari, ko a ga aikin zaren fuskar ta nutse. Log yana ajiye duka biyun, edita ya daidaita daga baya.

Sai dai Log ba ya ƙara haske. Ɗaga duhun da yake yi ɗaga lamba ne kawai, ƙurar hoto, wannan tsaki-tsakin da ke motsi, tana nan a ƙasa. Fata mai duhu tana mayar da haske kaɗan, don haka a ƙasan ma'auni take zama, kusa da inda ƙurar take. Idan mai kyamara ya rage haske da mataki ɗaya don tsoron kada riga ta ƙone, edita zai ɗaga hoton a kwamfuta, kuma ƙurar a kan kumatun jarumi za ta fara bayyana, wurin da idon mai kallo yake. Wannan ya sa masu kyamara da yawa ke ƙara wa S-Log3 mataki ɗaya zuwa ɗaya da rabi na haske. Wasu suna sukar hakan, suna cewa duk matakin da aka ƙara a ƙasa an zare shi ne daga sama, kuma a ranarmu saman ne ke da tsada. Duk ɓangarorin biyu suna da hujja. A cikin ɗaki da dare, ƙarin hasken ya fi amfani. A fili da rana, abin da ya fi shi ne a rage tazarar tun a lokeshin: a sa farin allo ya mayar da haske kan fuska, ko a yi wa rigar inuwa da yadi mai shara-shara. A FX3, tsarin Cine EI yana tsayar da ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 800 ko 12,800, kuma saukar da EI, lambar da ake auna haske da ita, daga 800 zuwa 400 yana sa a ba hoton ƙarin mataki ɗaya ba tare da ƙiyasi ba.

Akwai tsohuwar ƙa'idar cewa a ajiye fuska a 70 a ma'aunin haske. An gina ta ne kan farar fata. Fata mai duhu a Rec.709 sau da yawa tsakanin 30 da 45 take zama daidai, kuma tura ta sama yana sa ta yi fari-fari kamar an shafa hoda. Abin da ba ya sauyawa shi ne launin: a ma'aunin kala mai zagaye, fatar mutum, baƙa ko fara, tana bin layi ɗaya tsakanin ja da rawaya, wajen ƙarfe 11 na agogo. Idan ta karkata zuwa kore, galibi fitilar LED mai arha ce ta jawo.

Sannan batun bit. Bit 8 yana ba kowace kala mataki 256, bit 10 yana ba da 1,024. Kyamara irin Sony A7 III tana da S-Log3 a jerin saitinta, amma bit 8 take ɗauka. Idan aka baje mataki 14 na haske a kan lambobi 256, sannan aka miƙe su a kwamfuta, sararin sama da bangon ɗaki mai fenti ɗaya za su fito zobe-zobe, fuska kuma ta yi faci-faci. A irin wannan kyamarar, ɗauka da saitin da ya fi kusa da Rec.709 tare da kula da haske yakan fi Log kyau.

## LUT, nod ɗin juyawa, ko a bar wa manhaja

Hanya uku ake bi wajen mayar da Log hoton kallo, kuma kowace tana da masu kare ta.

LUT jadawali ne na lambobi: idan ka ga wannan, ka ba da wancan. Mafi yawa suna da maki 33 ko 65 a kowane gefe, abin da ke tsakani lissafin cike gurbi ne. Masu son sa suna cewa yana da sauri, ba ya wahalar da kwamfuta, kuma ana iya sa shi a allon kyamara darakta ya ga abin da edita zai gani. Gaskiya ne. Rauninsa shi ne bai san abin da aka ba shi ba. LUT ɗin da aka gina don S-Gamut3.Cine, ɗaya daga cikin faɗin kalar Sony, zai karɓi S-Gamut3 ko V-Log ba tare da gargaɗi ba, ya ba da kala karkatacciya. Kuma abin da ya yanke a sama ya tafi: idan shaddar ta ƙone a cikin LUT, rage haske bayansa toka kawai zai ba da. Saboda haka gyaran haske da daidaita fari dole su zo kafin LUT. A kuma rarrabe LUT na juyawa, wanda kamfanin kyamara ke bayarwa kyauta a shafinsa, da LUT na ado da ake sayarwa ko rabawa a WhatsApp, wanda da yawa an gina su ne don hoton da ya riga ya zama Rec.709.

Hanya ta biyu ita ce juyawa da lissafi, wadda a manhajar gyaran kala ta DaVinci Resolve ake kira Color Space Transform. Tsarin da ya yaɗu shi ne: nod na farko, nod kuwa zango ne a jerin gyaran hoto, ya juya S-Gamut3.Cine da S-Log3 zuwa DaVinci Wide Gamut da Intermediate, nod na ƙarshe ya juya daga can zuwa Rec.709 gamma 2.4 tare da kunna matse haske da matse kala, duk gyara kuma a yi shi a tsakiyarsu. Kowace kyamara da nata nod na farko, sai dukansu su haɗu a fili ɗaya. Ba a yanke komai sai a ƙofar fita. Matsalarta ita ce hannu: fim mai ɗauka 900 yana buƙatar a rarraba su rukuni-rukuni bisa kyamara, in ba haka ba wata za ta kuɓuce.

Ta uku ita ce a bar wa manhaja ta karanta lakabi ta juya komai da kanta. Nan ne ACES yake, tsarin da cibiyar da ke ba da kyautar Oscar ta fitar da sigarsa ta farko a 2014, nan ne DaVinci Color Managed yake, nan ne kuma sabon tsarin Premiere ya shigo. Masu goyon baya suna nuna cewa aiki ɗaya yana iya fitar da SDR da HDR, kuma mai haɗa siddabarun kwamfuta a wani gari zai ga abin da mai gyaran kala ya gani. Masu shakka suna cewa manhaja tana yanke hukunci a ɓoye, kuma idan aka juya fayil zuwa wani tsari aka rasa lakabin, za ta yi zato ne kawai.

Ga ƙaramin aiki mai kyamara ɗaya da za a ɗora a YouTube, LUT na kamfanin kyamara ya wadatar muddin yana ƙarshen layi. Da zarar kyamarori sun kai iri biyu, hanya ta biyu ko ta uku ta fi tsaro.

## Juyi biyu da sauran alamomi

Ƙorafi na huɗu da aka ambata a sama juyi biyu ne. Premiere ta gane fayil ɗin Log ne ta mayar da shi Rec.709, edita kuma ya ɗora LUT ɗin da ke jiran Log a kai. Baƙi ya toshe, ja ya yi kururuwa. Magani ɗaya ne cikin biyu: a cire LUT a bar manhaja ta yi aikin, ko a shiga saitin kalar fayil ɗin a zaɓi Preserve RGB domin ta bar lambobin yadda suke. Haka ma a Resolve, idan an kunna sarrafa kala na aikin gaba ɗaya, ba a ƙara nod ɗin juyawa a kai.

Bidiyon iPhone da ke ƙonewa HLG ne da aka zuba a Rec.709 ba tare da matse haskensa ba. Ana kunna matse haske a saitin taimlayin, ko a juya shi daga Rec.2100 HLG. Mafi sauƙi shi ne a kashe HDR Video a saitin kyamarar wayar kafin ɗauka.

Akwai kuma wata alama da ake yawan ɗora wa Log alhali ba shi ba ne. Bidiyo na bit 8 yana amfani da lambobi 16 zuwa 235, hoton kwamfuta kuma 0 zuwa 255. Idan aka karanta na farko kamar na biyu, baƙi zai zama toka. Idan aka yi akasin haka, duhu zai toshe, fari ya ƙone. Ma'aunin haske yana nuna wannan nan take: baƙin allo da ya tsaya sama da sifili kaɗan a ko'ina cikin fim.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A gyaran kala kimar tasa tana gushewa cikin 'yan mintuna, domin ido yana sabawa da duk launin da ya daɗe yana kallo. Shi ya sa ake barin ma'aunai a buɗe.

## Ƙofar fita da allon edita

Koɗewar kala bayan fitar da fayil ta fi addabar masu Mac. Tsarin kala na Apple yana nuna fayil mai lakabin Rec.709 da gamma kusan 1.96 a manhajojinsa na QuickTime da Safari, alhali an gyara shi a 2.4, sai ya fito da haske fiye da yadda aka bar shi. Fayil ɗin bai lalace ba. Resolve ta tanadi zaɓin Rec.709-A don abin da edita ke gani a Mac ya yi daidai da QuickTime. Wasu sun tsaya kan 2.4 saboda ita ce ƙa'idar talabijin, wasu sun koma 2.2 don aikin intanet saboda wayoyi da kwamfutoci kusa da nan suke, kuma ana kallonsu a wuri mai haske. Abin da ba shi da amfani shi ne a duhunta fim don ya yi kyau a Mac ɗin furodusa, alhali masu kallonsa da wayoyin Android za su buɗe shi.

Allon edita ma abin dubawa ne. Laftof da yawa masu sauƙin kuɗi kusan kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na kalolin sRGB, ƙa'idar kalar kwamfuta, kawai suke iya nunawa. Mai aiki a irin wannan allon zai yi ta ƙara kala don ya ga ta cika, a wayar mai kallo kuma ta yi yawa. Mafi ƙarancin abin da ake buƙata shi ne allo mai cikakken Rec.709, a saita shi a nit 100 da fari na D65, wato farin hasken rana, ta hanyar na'urar auna allo, a kashe duk saitin da ke sauya haske da kansa, a rufe labule.

## Wa abin zai shafa, kuma ta yaya

Furodusa zai ji shi a kuɗi da lokaci. Ɗauka a Log na nufin akwai ranakun gyaran kala da dole a sa a kasafi, kuma shirin da ake sakin kashi ɗaya kowane mako ba koyaushe yake da waɗannan ranakun ba. Ajiya ma ta ƙaru: fayil nau'in ProRes 422 HQ a girman 1080 da firam 25 a daƙiƙa yana cin kusan gigabait 83 a awa, a 4K kuma sama da 330.

Edita zai ji shi a kwamfuta. Fayil ɗin H.265 mai bit 10 da 4:2:2 yana tafiya sumul a Mac mai guntun Apple da Intel na ƙarni na 11 zuwa sama, amma katunan hoto na NVIDIA ba su fara buɗe shi da kansu ba sai jerin RTX 50 na 2025. A tsohuwar kwamfuta mafita ita ce furoksi, wato ƙananan kwafi da ake yanka da su, a koma kan na asali lokacin gyaran kala.

Masu ɗaukar biki da tallan kasuwa, waɗanda ake jiran aikinsu washegari, su ne suka fi cin ribar ɗauka kai tsaye a Rec.709 ko saiti irin S-Cinetone na Sony, mai fitar da kala a dafe.

Fitar da HDR kuma ya dogara ne da mai karɓar aiki. Netflix tana buƙatar a ɗauki kashi 90 cikin 100 na shirin da ta ɗauki nauyinsa da kyamarorin da ta amince da su, a Log ko RAW, wato ɗanyen bayanin hoto, bit 10 zuwa sama. YouTube tana karɓar HDR tun 2016, amma ita ke haɗa kwafin SDR da kanta ga wanda allonsa bai kai ba, kuma wannan kwafin da edita bai gyara da hannunsa ba shi mai ƙaramar waya zai gani. Gyaran HDR na gaske yana buƙatar allo mai nit 1,000. Wanda ba shi da shi amma yana fatan sayar da fim a waje nan gaba, zai iya ɗauka a Log na bit 10, ya fitar da Rec.709 yanzu, ya adana fayilolin asali da fayil ɗin aikin a faifai biyu daban.

Kafin ranar farko ta ɗauka, minti ɗaya ya isa gwaji: jarumi da kayan da zai sa, katin toka a hannunsa, sau ɗaya a rana sau ɗaya a ɗaki, da kowace kyamara da za ta shiga aikin har da waya da jirgi. A bi da shi duk hanyar, daga juyawa zuwa fitarwa zuwa ɗorawa a YouTube a ɓoye, a buɗe shi a wayoyi biyu ko uku da talabijin ɗaya. Saitin da ya tsallake wannan gwajin a rubuta shi a takarda, sunan Log, faɗin kala, ISO da LUT ɗin allon kyamara, a ba mai kyamara kwafi ɗaya, edita kwafi ɗaya.